Mahautar Mzoli a Gugulethu: Yadda Shagon Nama Ya Zama Dandalin Birni Guda

Duk wanda ya sauka a filin jirgin saman Cape Town, a Afirka ta Kudu, ya kama babbar hanyar N2 zuwa cikin gari, sai ya bi ta gefen wasu unguwanni masu cunkoso da ke shimfiɗe a kan rairayi, waɗanda yawancin baƙi ba sa ganin komai nasu sai rufin kwano da wayoyin lantarki ta gilashin mota. Ɗaya daga cikinsu ita ce Gugulethu, mai nisan kimanin kilomita 15 daga tsakiyar birnin, wadda ƙidayar 2011 ta nuna tana ɗauke da mutum kusan 98,000, akasarinsu 'yan ƙabilar Xhosa. A wani lungu na wannan unguwa, daura da titin Klipfontein, aka yi wani shagon nama da ya shafe shekara 18, daga 2003 zuwa 2021, yana tara jama'ar da babu wani wuri a birnin da ya saba tara irinta. Sunan mai shi Mzoli Ngcawuzele, kuma da sunansa ake kiran wurin, mutanen unguwa su ce KwaMzoli, wato wajen Mzoli.

Abin da wannan nazari yake so ya gano shi ne yadda aka yi mahauta, wadda aikinta bai wuce auna nama da gasa shi ba, ta koma dandalin da 'yan siyasa da ɗalibai da direbobin haya da Turawa 'yan yawon buɗe ido suke haɗuwa kowace Lahadi, da kuma dalilin da ya sa wuri mai irin wannan suna ya rufe cikin ƙanƙanin lokaci. A ganina amsar tambayoyin biyu ɗaya ce: taron ya fi shagon girma, domin a kan titi yake ci, da hannun maƙwabta yake tafiya, kuma mai shagon bai mallaki titin ko maƙwabtan ba.

Unguwar da aka gina don kwana kawai

Ba za a fahimci darajar wurin zama irin wannan ba sai an san abin da aka hana mutanen unguwar a baya. An kafa Gugulethu a wajajen 1960, da farko da sunan Nyanga ta Yamma, lokacin da tsofaffin unguwannin baƙaƙen fata na Langa da Nyanga suka cika, gwamnatin wariyar launin fata kuma tana kwashe baƙaƙen fata daga wurare irin su Windermere da Simon's Town tana jibge su a filin rairayin da ke bayan birni. Sunan da aka raɗa mata daga baya yana nufin "abin alfaharinmu" a harshen Xhosa, amma titunanta ba su samu suna ba, sai haruffan NY da lamba, NY1, NY108, NY115, kuma mazauna sun daɗe suna fassara haruffan da cewa suna nufin "filin 'yan ƙasa" a bakin Turawan mulki. Sai a wajajen 2012 aka fara sauya su, aka mayar da NY1 titin Steve Biko.

A tsarin gwamnatin wancan lokaci, baƙar fata a birni baƙo ne da ya zo aiki, gidansa na ainihi kuwa yana can yankunan karkara da aka ware wa 'yan Xhosa, wato Transkei ko Ciskei, ko da kuwa bai taɓa taka su ba. A yankin Cape ta Yamma abin ya fi tsanani, saboda akwai manufar fifita 'yan ruwa biyu wajen ɗaukar aiki, wadda ta sa samun takardar izinin zama ya yi wa baƙar fata wuya fiye da ko'ina. Dubban maza suna kwana a gidajen gwauraye na ma'aikata, an raba su da matansu da 'ya'yansu. Tun da an ɗauka mutanen ba zama suka zo yi ba, ba a ga dalilin gina musu wurin shaƙatawa ba. Dokar raba wuraren jama'a ta 1953, wadda ba a soke ta ba sai 1990, ta rufe musu ƙofofin gidajen abinci da bakin teku da wuraren hutawa na cikin gari. Kasuwancin cikin unguwa ma an ɗaure shi, domin wani umarnin gwamnati na 1963 ya taƙaita ɗan kasuwa baƙar fata ga shago ɗaya tak, wanda ba zai sayar da komai ba sai kayan masarufi na yau da kullum, kuma ba shi da ikon haɗa jari da wani su kafa kamfani.

Abin da jama'a suka yi shi ne suka mayar da gidajensu wuraren taro. Har zuwa 1962 doka ta hana baƙar fata sayen barasar Turawa, giyar gargajiya kuwa hukumomin birane suka mamaye cinikinta a manyan rumfunan shaye-shaye da suke tara kuɗin gudanar da unguwannin da su, abin da ya sa mata suka far wa irin waɗannan rumfuna a Cato Manor ta Durban a 1959, ɗalibai kuma suka ƙone da yawa a boren 1976. A gefe guda sai gidajen giya na ɓoye da ake kira shebeen suka bunƙasa, galibi a hannun mata, a falon gida mai ɗaki huɗu, inda ake sha, a ci, a saurari kiɗa, a yi siyasa da murya ƙasa-ƙasa, kunne yana wajen motar 'yan sanda. Akwai kuma adashin da suke kira stokvel, wanda mai kwasa takan shirya liyafa a gidanta ta sayar da abinci da abin sha ga 'yan adashi da baƙinsu. Nama kuwa yana da nasa matsayi tun a karkara, domin a al'adar Xhosa babu wani sha'ani mai nauyi, daga na haihuwa zuwa na dawowar samari daga kaciya zuwa na mutuwa, da ake yi ba tare da an yanka dabba an raba naman ga jama'a bisa shekaru da matsayi ba. Waɗannan abubuwa, wato gida da ya zama dandali, da taron da ake ciniki a cikinsa, da naman da ake ci a kwano ɗaya, su ne gadon da Mzoli ya tarar. Bai ƙirƙiro su ba, fito da su ya yi daga falo zuwa bakin titi a lokacin da doka ta daina farautarsu.

Shi kansa a gareji ya fara sayar da nama, kafin ya samu jarin buɗe shago a farkon 2003, shekara tara bayan zaɓen 1994 da ya kawo ƙarshen mulkin wariyar launin fata. Irin sana'ar tasa tana da suna a duk faɗin ƙasar, shisa nyama a harshen Zulu, tshisa nyama a bakin Xhosa, ma'ana "ƙona nama". Asalinta dabarar mahauta ce: a hura wuta a gefen shago domin wanda ya sayi ɗanyen nama ya gasa ya ci nan take, musamman gwauron da ba shi da murhu ko mai dafa masa.

Ranar Lahadi

Tsarin wurin ba shi da wuya, kuma a cikin sauƙin nasa ne sirrin yake. Mutum yakan fara shiga shagon ya bi layi zuwa kanta, inda naman yake jere a bayan gilashi: haƙarƙarin rago, tsokar sa, kaza, naman alade, da boerewors, wato dogon hanji da ake cusa wa niƙaƙƙen nama da kayan ƙamshi a naɗe shi kamar gammo. Ya nuna abin da yake so, a ɗora a sikeli, ya biya gwargwadon nauyi, a zuba masa a babbar tasa tare da yaji da miyar shafawa ta gidan, wadda ba a faɗa wa kowa yadda ake haɗa ta. Daga nan shi da kansa zai ɗauki tasar ya bi wani siririn lungu zuwa ɗakin gashi da ke baya, inda hayaƙin itace yakan sa ido ruwa tun daga ƙofa, masu gashi kuma suna tsaye a gaban jerin tukuba suna juya naman mutum goma a lokaci guda ba tare da sun haɗa na wani da na wani ba. Ya miƙa tasarsa, ya ce wa mai gashin "bhuti", wato ɗan'uwa, ya ɗan sa masa wani abu a hannu idan yana so a kula da nasa, sannan ya fita neman wurin zama. A ranar da jama'a suka yi yawa, jiran yakan kai awa ɗaya ko fiye.

Wannan jira ba aibi ba ne a tsarin, shi ne ginshiƙinsa. A gidan abinci na cikin gari, ma'aikaci ne yake kai mutum teburinsa, ya kawo masa takardar abinci, ya tsaya tsakaninsa da kowa, har ya ci ya tashi bai yi magana da na kusa da shi ba. A wajen Mzoli babu mai kai kowa ko'ina. Dole mutum ya tsaya a layi kafaɗa da kafaɗa da wanda bai sani ba, ya tambayi inda ake kai nama, ya roƙi a matsa masa a kan benci, ya bar wa baƙo ajiyar kujerarsa ya koma duba gashi. Idan naman ya fito, a cikin tasar da aka auna shi yake dawowa, babu cokali babu wuƙa, kowa ya sa hannu, ana haɗawa da pap, tuwon farar masara mai tauri, da chakalaka, wata miya mai yaji ta albasa da tumatir da karas da wake, da kuma burodin da ake turarawa a tukunya. Mutumin da maiƙo ya ɓata masa hannu har gwiwa ba ya iya riƙe girman kai na dogon lokaci, ko da babbar mota ya zo.

Rumfar kwano da tantin da aka tanada ba sa ɗaukar jama'ar Lahadi, don haka kafin la'asar taron ya malala kan titi. Masu motoci su buɗe but su fito da kula cike da ƙanƙara, mai saka kiɗa ya ƙure lasifika da kwaito da kiɗan house, a shekarun ƙarshe kuma gqom da amapiano, wasu lokutan masu kiɗan marimba su yi nasu a gefe. Masu fitowa daga coci da kayan ado suna ratsawa ta cikin 'yan matan da suka yi kwalliyar rawa, yara suna zagayawa suna tsintar kwalabe.

A nan ne ake ganin abin da na kira hannun maƙwabta. Shekaru da dama shagon nama kawai yake sayarwa, abin sha kuwa kowa ya zo da nasa ko ya saya a gidajen da ke kewaye. Saboda haka gidan da ke kallon shagon ya zama wurin sayar da giya da lemo, na kusa da shi ya koma sayar da ƙanƙara, wani ya buɗe bayan gidansa ga mai biya, samari suka raba titi a tsakaninsu suna gadin motoci da wanke su, masu sana'ar hannu suka riƙa yanka tsofaffin kwalabe suna mayar da su kofuna suna sayar wa baƙi tare da tabarau da huluna. Kuɗin da mutum yake kashewa a ranar ba ya tsayawa a aljihu ɗaya, kuma wannan ne ya sa unguwar ta daɗe tana haƙuri da hayaniyar da ba kowa ne zai jure ta a ƙofar gidansa ba.

Waɗanda suka zo, da waɗanda ba su zo ba

Baƙin farko masu muhimmanci ba Turawa ba ne. 'Ya'yan unguwar ne da suka samu aiki a gwamnati da bankuna da kamfanoni bayan 1994, suka tashi suka koma unguwannin da a da aka hana iyayensu shiga sai da takardar aiki. Can sun samu katanga da shiru da maƙwabcin da ba ya gaisuwa, ranar hutu kuwa sai kewar ekasi ta kama su, kalmar da suke kiran unguwannin nasu da ita cikin ƙauna, wadda ta samo asali daga kalmar da Turawan mulki suke kiran wuraren da ita. Mutum ya kai wa mahaifiyarsa ziyara da safe, da rana ya biya wajen Mzoli, ya faka motarsa inda abokan ƙuruciya za su gan ta, ya sayi naman da zai ishi teburi guda. A wannan ciyarwa akwai zumunci na gaskiya, akwai kuma nuna isa, kuma babu mai iya raba su. 'Yan siyasa sun gane haka da wuri, domin wanda yake neman a ce har yanzu na jama'a ne yana buƙatar a gan shi da ƙashi a hannu a Gugulethu.

Bayan su sai ɗaliban jami'o'in birnin, da ɗaliban ƙasashen waje da suke zuwa karatun zango ɗaya daga Amurka da Turai, sannan motocin kamfanonin yawon buɗe ido. Sunan wurin ya yi nisa har ta kai a watan Satumba na 2007 Jimmy Wales, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Wikipedia, ya buɗe masa shafi da kansa, wani edita kuma ya goge shafin bayan minti 22 bisa hujjar cewa mahautar ba ta kai a rubuta ta ba, aka yi ta cacar baki har jaridun Amurka suka ɗauka. A 2009 fitaccen mai girki na Birtaniya Jamie Oliver ya ci nama a wurin ya kuma sa shi a mujallarsa, shekara guda bayan haka gasar cin kofin duniya ta kawo wa birnin baƙi daga ko'ina.

Domin a gane nauyin ganin farar fata yana rawa a titin Gugulethu, sai a tuna abin da sunan unguwar yake tunasar da mutane. A nan ne 'yan sanda suka harbe samari bakwai ranar 3 ga Maris 1986, a nan ne kuma wasu matasa suka kashe ɗalibar nan 'yar Amurka Amy Biehl a watan Agusta na 1993, ana saura watanni a yi zaɓe. Yawancin fararen fatar Cape Town an haife su sun tsufa ba su taɓa sa ƙafa a unguwar da masu aikin gidajensu suke kwana ba. Mahautar ta ba su dalili mai sauƙi na tsallake wannan iyaka, dalilin da ba ya buƙatar jawabi ko neman gafara, kuma ba ƙaramin abu ba ne a birnin da har yau taswirarsa take bin layukan da dokar raba unguwanni ta 1950 ta zana.

Sai dai bai kamata a kai abin inda bai kai ba, kamar yadda takardun tallan yawon buɗe ido suka riƙa yi. Baƙon yakan zo da rana a cikin ayari, ya sauka a ƙofar shago, ya zauna da waɗanda suka zo tare, ya ɗauki hotuna, kafin duhu ya yi motarsa ta kama hanya. Lungu ɗaya ya gani a unguwa mai mutum kusan dubu ɗari, a rana ɗaya daga cikin bakwai, kuma ita ce ranar da unguwar ta fi kyan gani. Ranar Litinin da asuba mutanen da ya yi rawa da su suna layin jirgin ƙasa da motocin haya zuwa aiki a ɓangarensa na birnin, inda babu wani teburi da ake jiransu a kai. An yi cuɗanya, amma ta fuska ɗaya take tafiya. Akwai kuma mazauna unguwar da farashin tasa guda ya fi ƙarfinsu, waɗanda namansu shi ne kan rago da matan bakin titi suke babbakewa su dafa a rabin ganga, wanda ake yi wa laƙabi da "mai murmushi" saboda yadda haƙoransa suke fitowa idan wuta ta ja leɓen.

Wani rukunin da taron bai ɗauka ba shi ne Musulmi masu kiyaye abin da suke ci. Cape Town tana da tsohuwar al'ummar Musulmi, wadda masallacinta na farko, Auwal a unguwar Bo-Kaap, ya samo asali tun 1794, kuma da yawansu suna zaune a kan titin Klipfontein ɗin nan, a Athlone da Gatesville, wasu kuma a Manenberg, wadda layin dogo kawai ya raba ta da Gugulethu. Wurin da ake gasa alade a tukuba ɗaya da rago, ana kuma shan giya a kowane teburi, ba wurinsu ba ne, don haka suna da nasu wuraren haɗuwa na halal. Duk wanda ya kira mahautar mahaɗar dukkan mutanen birnin ya manta da maƙwabtanta mafi kusa.

Titi, doka da maƙwabta

Raunin tsarin ya fara bayyana tun wurin yana ganiyarsa. A watan Nuwamba na 2006 'yan sanda suka kai samame suka kama mutum fiye da 30, cikinsu har da 'yan yawon buɗe ido da wani kansila na jam'iyyar Democratic Alliance (DA), bisa laifin shan giya a bainar jama'a. Hujjar mai shagon ita ce shi ba ya sayar da giya, kuma ba shi da ikon hana mutane zuwa da tasu. Ta fuskar doka maganarsa tana da ƙafa, amma ita ce kuma ta tona asirin lamarin, domin ta nuna cewa abin da yake jawo jama'a yana faruwa ne a filin da ba nasa ba, ƙarƙashin dokar da za a iya zartarwa duk ranar da aka ga dama. Masu goyon bayansa suka ce a unguwannin masu kuɗi ana shan giya a teburan bakin titi babu mai ɗaga ido, kuma samamen ya yi kama da na zamanin da ake farautar shebeen. Masu goyon bayan 'yan sanda suka ce unguwar da giya take haddasa mata faɗa da haɗarin mota ta fi kowa buƙatar a tsare doka a cikinta. Kowanne ɓangare yana da gaskiyarsa, kuma hukumar birnin ba ta da wani gurbi a dokokinta da aka yi domin wurin da shago ne a rubuce amma dandali ne a aikace.

Haka abin yake tsakaninsa da maƙwabta. Layin da shagon yake na gidajen kwana ne, ba a tsara shi don ɗaruruwan motoci ba. Wanda yake sayar da ƙanƙara yana addu'ar Lahadi ta zo, dattijuwar da aka toshe mata ƙofa da mota, ana fitsari a jikin katangarta, kiɗa kuma yana hana jikokinta barci, tana addu'ar ta wuce. Muddin masu samu sun fi masu asara yawa a layin, ana zaune lafiya, amma wannan yarjejeniya ce da ba a rubuta ba, kullum kuma sai an sabunta ta.

Shi kansa Ngcawuzele bai tsaya a nama ba. Ya shiga harkar gine-gine, yana cikin waɗanda suka kawo katafaren rukunin shagunan Gugulethu Square da aka buɗe a 2009. Wasu sun ɗauke shi a matsayin hujjar cewa ɗan unguwa zai iya jawo babban jari zuwa gida, amma aikin ya gamu da zanga-zangar ƙananan 'yan kasuwar da aka tasa daga tsofaffin shagunan wurin da mazauna da suke neman a ba su aikin ginin. Mutumin da ya fara a gareji ya wayi gari yana ɓangaren masu rushewa su gina, kuma wannan ya sauya yadda wasu 'yan unguwar suke kallonsa.

Rufewa

Kafin annobar korona ma, kasuwar ta fara rabuwa. Abin da Mzoli ya nuna yana yiwuwa, wasu sun ɗauka sun ƙara masa gyara. A Soweto akwai Chaf Pozi a gindin hasumiyoyin Orlando, a Umlazi ta Durban akwai Eyadini, a Cape Town kanta kuma Rands ta Khayelitsha ta janye matasa da yawa. Sababbin wuraren sun koyi darasi daga raunin na farko, suka kewaye kansu da katanga, suka sa ƙofa da masu bincike, suka nemi lasisin sayar da abin sha domin ribar ta tsaya a gida, suka ware ɓangaren manyan baƙi da kujeru masu laushi da kwalabe masu tsada. Sun fi tsaro, sun fi tsabta, sun kuma fi samun kuɗi, sai dai maƙwabci ba ya samun abin da yake samu a tsohon tsari, kuma wanda ba shi da ko sisi ba ya iya tsayawa a gefe ya sha kiɗa kyauta kamar yadda ake yi a titin Mzoli. A ra'ayina wannan ne babban abin da aka rasa, ko da yake na san mai jari ba zai ga haka ba.

Sai annobar ta zo ta bugi kowace ƙafa da wurin yake tsaye a kai. Dokar kulle ta fara aiki ranar 27 ga Maris 2020, kuma ta Afirka ta Kudu tana cikin mafi tsanani a duniya, domin ta haɗa da hana sayar da giya gaba ɗaya har zuwa ƙarshen Mayu. An sake hanawa daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Agusta, sannan daga ƙarshen Disamba zuwa farkon Fabrairu na 2021, wato daidai lokacin hutun bazarar ƙasar da ake cin kasuwar shekara. An rufe iyakoki har zuwa watan Oktoba na 2020, ɗaliban waje suka koma gida, motocin yawon buɗe ido suka daina zuwa, aka ƙayyade yawan mutanen da za su taru, aka sa dokar hana fitar dare. Gidan abinci na yau da kullum yana iya rage asara ta hanyar kai wa mutane abinci gida, amma wanda yake tuƙa mota kilomita 15 zuwa Gugulethu ba don ya rasa mahauci a unguwarsa yake yi ba. Naman da aka naɗe a takarda aka kai masa gida nama ne kawai, layin da hayaƙin da bencin da ake matsa wa baƙo ba sa shiga leda.

A watan Mayu na 2021 aka sanar da cewa wurin ya rufe har sai abin da hali ya yi. Jaridu sun ba da labarin a matsayin rufewar shahararren gidan abinci, suka jero sunayen manyan mutanen da suka taɓa cin nama a can. Masu gadin mota da matan da suke sayar da ƙanƙara da samarin da suke yanka kwalabe ba ma'aikatan shagon ba ne, sunansu ba ya cikin kowace takardar albashi, don haka ba su shiga lissafin waɗanda suka rasa aiki ba.